Yatsu Uku a Ƙarshen Layin Dogo

An rufe tashar. Ɗana ne ya faɗa mini, yana cin abinci yana latsa waya, kamar mai ba da labarin an kashe fanka. Wai an ja sabon layi can nesa da teku, an gina tasha mai gilashi, tsohuwar kuwa an garƙame ta da kwaɗo, ciyawa ta rufe dogo. Na ce masa to mutanen garin da me suke kai kifinsu birni? Ya ce ai yanzu motoci masu firji ne, Baba. Na ce matan nan masu saƙar kalli fa? Ya ɗago kai ya dube ni kamar na tambaye shi labarin mutanen Annabi Nuhu. Yaran yanzu haka suke, duk abin da aka rushe sai su ce ci gaba ne, su mayar da kai kan waya. Tuwon da na bar shagona a unguwar Xiaobei, nan Guangzhou ta ƙasar China, na hau bene don shi, ture shi na yi gefe.

Ni mutumin ƙasar Nguru ne, daga wani ƙauyen masunta da ke bakin fadama. Nguru ma ƙarshen layin dogo ce, jirgi in ya zo nan ya gama tafiya, sai dai ya juya. Muna yara kukansa ne agogonmu. Da an ji shi daga nesa sai gari ya motsa, jakuna su taso da bandar kifi a ɗaure cikin tabarmi, 'yan dako su yi ta ihu, ƙaurin hayaƙi da ƙarnin tarwaɗa su cika tasha har ya kama maka riga. A cikin wannan hayaniya na tashi ina ganin Kawu, yayan mahaifiyata. Masunci ne tun yana goye, da girma ya kama shi sai ya koma kawo wa mutanenmu kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa cikin ruwa kifi ya zo ya maƙale. A wurinmu ba a auna idon kalli da awo irin na tela, da yatsu ake aunawa. Kuma Sarkin Ruwa na lokacin ya kafa doka cewa duk kallin da yatsu uku ba su shiga idonsa ba, ba zai taɓa ruwanmu ba, don ƙananan kifi su sami hanyar wucewa su girma. Ba wanda ya taɓa tambayar yatsun wa ake nufi, kowa ya san na Kawu ne, tun da shi ke kawowa. Yatsu ne kamar saiwar rogo, igiya ta yanke su ta sake yankewa har sun yi kanta. In ya ce kalli ya cika uku, ba mai sake dubawa.

Ana saura 'yan shekaru a shiga dubu biyu sai kallin da ake samu a kasuwannin gida ya lalace, zare ruɓaɓɓe, ido ba daidai ba. Kawu ya ji an ce daga China ake kawo shi, ya ce shi zai je tushen. Masunta suka ɗora masa amanar kallin shekara guda na ƙauyuka uku. Sai dai yanar ido ta fara rufe masa gani, ga shi ba ya jin Turanci ko na tambayar ruwa. Ni kuwa ina koyarwa a firamare, na haura talatin, na gaji da alli, ina ganin duniya ta yi mini kaɗan. Shi ya sa ya ɗauke ni, kuma har ya koma ga Allah Ticha yake kirana, rabi girmamawa rabi tsiya.

Guangzhou da muka tarar ba ita ce wannan da yaranmu suka sani ba. Yau in ka tsaya a Xiaobei ka yi sallama da ƙarfi, mutum goma za su amsa maka da Hausa, ga tuwo da miyar kuka ana kawo maka har shago. A lokacin baƙaƙen fata da ke unguwar duk mun san juna da fuska. Kekuna ne ke cika titi kamar fari, ginin Tianxiu bai gama sakin warin fenti ba, waya kuwa sai ka sayi kati ka bi layi a bakin hanya. Abincinmu taliyar da Musulmin ƙasar ke ja da hannu, safe da yamma, har Kawu ya ce hanjinsa ya koma igiya. Mun yi kwanaki muna yawon shaguna, ko'ina ya zura hannu cikin raga sai ya girgiza kai, masu shago su ce “meyo”, wato babu. Wani mutumin zangon Kumasi da ke aika wa mutane kaya gida shi ya cece mu. Ya sa akawunsa ya rubuta mana takarda da rubutunsu, ya ce, “Alaji, nan birni ba ka samu. Ka hau jirgin ƙasa ka tafi bakin teku, akwai gari can mata suna saƙa yadda kake so. Ba ka ɓacewa, in jirgi ya ƙi gaba, kun iso.”

Koren jirgi ne mai bencin katako, yana tafiya yana tsayawa kamar mai gaishe-gaishen salla. Kowa da fulas ɗinsa na ruwan zafi, wasu da kaji a kwando, duk tarago ido a kanmu. Wata tsohuwa ta kama hannun Kawu ta murza ta duba yatsanta, shi kuma ya kama nata ya murza ya duba nasa, aka kwashe da dariya. Da hantsi ya yi sai iska ta sauya, gishiri-gishiri, jirgi ya ja numfashi ya tsaya. Dakali ɗaya ne tak a tashar, da ɗaki mai jan rufi da ƙararrawa a rataye. Dogon ya zo ya ƙare a jikin wani ƙarfe da aka shafa wa jan fenti, bayan ƙarfen sai laka, bayan laka sai jiragen kamun kifi a jere, sai ruwa har inda ido ya gaji. Aka kwance kan jirgin, ya zagaya ta ɗan layin gefe ya dawo ya kama ɗaya ƙarshen. Mata masu faffaɗan malafa suna gudu-gudu da kwandunan kifi a sanda bisa kafaɗa, ƙanƙara tana ɗiga, wani tsoho siriri mai hula da tutoci biyu, ja da kore, yana tsaye da kofin shayinsa yana kallon agogo. Jirgi ɗaya ne a rana, ya zo da hantsi, ya tashi bayan azahar. Kawu ya tsaya ya buɗe hanci ya shaƙi ƙarnin nan, ya ce, “Ticha, ashe Nguru muka dawo.” Tun da muka baro gida ban ga haƙoransa a waje haka ba.

Muka kama ɗaki a saman wani shago da ke kallon tashar. Washegari Kawu ya tashi da ciwon ciki, ko tsayuwar salla da ƙyar. Ya ce ba za mu ɓata rana ba, ni zan je wurin masu saƙa. Ya ɗauki ɗaya daga cikin tsinkayen da suke cin abinci da su, ya ɗora yatsunsa uku a kai, ya sa wuƙa ya yanke daidai faɗinsu. Ya miƙo mini ya ce, “Ka ba su wannan. Kada ka yi musu Turanci, kada ka yi musu lissafi. Ka ba su karan kawai.” Na sa a aljihu ina jin haushi a raina. Mutum ya yi shekaru yana koyar da awo da lissafi, a aike shi wata ƙasa da guntun tsinke.

Gidan saƙar wani dogon rumbu ne a bayan tasha, mata sun fi talatin a zaune, zare a babban yatsan ƙafa, hannu yana tafiya baki yana tafiya. Shugabarsu wata gajeriyar mata ce mai ƙarfin murya, kowa “lawban” yake ce mata, wato mai gida. Ta karanta takardar, ta yi mini alama da hannu, wane irin ido? Na ɗaga yatsu uku. Sai ta kama hannuna ta ɗora shi a kan wani ɗan katako mai faɗi, irin wanda suke naɗa zare a kai don ido ya fito daidai, ta sa wuƙa ta zana, ta feƙe shi nan take. 'Yan matan suna ta ƙyalƙyala dariya suna leƙen hannuna, ni kuma ina ta washe baki ina jin kaina wani abu. Karan Kawu yana aljihuna, ina jin tsininsa a cinyata. Ba mantawa na yi ba, wannan ƙaryar ba zan yi wa kaina ba. Kunya ce ta hana ni fito da shi a gaban mata, na ce a raina ai yatsa yatsa ne. Ban tsaya na dubi hannun nawa ba, hannun da bai taɓa jan igiya ba, abin da ya fi nauyi da ya saba ɗauka shi ne rajistar aji. Da na dawo Kawu ya ce, “Ka ba su karan?” Na ce, “Na ba su, Kawu.” Ya ce madalla, ya juya ya yi barcinsa.

Muka koma Guangzhou jiran aiki, bayan mako uku muka sake hawo koren jirgin. Kwanakin bizarmu saura kaɗan, mutumin Kumasi ya ce jibi zai rufe kwantena, a gida kuma ruwa ya fara ja da baya, lokacin su, wato kamun kifi, ya ƙarato. Muka tarar matan sun riga sun jere dilolin a kan dakalin tasha, an ɗaure su tsaf, sun sa rigunansu masu kyau sun zo rakiya. Muka yi azahar a gefen ɗakin tasha, ina sallamewa na fara kiran 'yan dako. Kawu ya ce a dakata, a kwance masa ɗaya.

Na ce, “Kawu, lokaci. Nan ba gida ba ne, jirginsu ba ya jira.”

Ya ce, “Kayan mutane ne. Kwance.”

Aka kwance. Ya tsuguna ya jawo kallin, ya yaba zaren, ya ja ƙulli da haƙori ya gyaɗa kai. Sannan ya zura hannu. Yatsu biyu suka shige, na uku ya tsaya a waje. Ya sauya wuri ya sake zurawa. Ya sa aka kwance dila ta biyu, ta uku, duk labarin ɗaya. Bai ɗaga murya ba, ya dai juya wajen shugabar matan ya nuna mata yatsan da ya ƙi shiga. Matar ta ga ana neman ɗora mata laifi, ta zaro katakon nan daga aljihun gabanta, ta fizgo hannuna ta ɗora a kai a gaban kowa. Ya zauna daidai kamar an haife su tare. Kawu ba ya gani sosai, don haka da hannu ya duba. Ya shafa katakon, ya shafa yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana riƙe da su. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan riƙon ba.

Ya ce, “Ina karan?”

Na kawar da kai. Da na ga ba mafita sai na koma faɗa, abin da marar gaskiya ya iya ke nan. Na ce, “To me ya yi zafi? Uku ne ai, ga su nan, nawa ma yatsu ne. Wa zai bi mu da awo? Wannan ma ya fi kama kifi, rububinsa za a yi. In Sarkin Ruwa ya ƙi, mu kai Baga, kwana biyu ya ƙare.”

Ya ce, “Ticha, kifin da zai maƙale a nan bai taɓa yin ƙwai ba.”

“Sai mu koma hannu rabbana? Me za mu ce wa mutane?”

“Abin da za mu ce musu daban, abin da za mu zuba musu a ruwa daban. Shekara talatin ba wanda ya sake auna kalli a bayana. In na kai wannan ba za su auna ba, za su jefa ne kawai, don ni na kawo.”

Na juya wajen matar ina yi mata alamar a warware a sake. Ta nuna mini da yatsu, wata guda da rabi, ta ce “meyo, meyo,” tana bubbuga ƙirji, ita ma idonta ya kawo ruwa, aikin mata talatin ne na mako uku. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan kowa ya sani, amma ni a ranar na so a fafe. Tsohon nan mai tuta ya kaɗa ƙararrawa, an gama loda kwandunan kifi, fasinja duk sun leƙo ta taga. Ya tako ya zo inda muke, ya tsuguna ya sa nasa yatsun cikin kallin, ya dubi hannun Kawu, ya dubi nawa, ya yi wani ɗan tsaki. Ba mu da yare ɗaya da shi, amma a garin masunta ya tsufa, ya gane komai. Ya dubi agogonsa, ya soke koren tutar a hammata, ya koma ya ɗauki kofinsa ya shiga kurɓar shayi a hankali. An ce jirginsu ba ya jiran kowa, ni shaida ne ya jira Kawu. Direba ya yi ta danna kuka, tsohon ko gezau.

Kawu yana zaune a kan dila, kansa a ƙasa. Ina tsaye a kansa ina ta zuba, kwantena, biza, lokacin su, surutun mutane. Can ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗauki 'yar jakarsa da butarsa, ya je gaban shugabar matan ya ɗan rusuna ya ce “shiye-shiye”, godiyar da ya koya ke nan a yarensu. Ya ɗaga wa mai tuta hannu, ya ce mini, “Mu tafi.” Muka hau ba tare da ko dila ɗaya ba. Tsohon ya busa usur ya ɗaga kore. Ta taga na ga kayanmu a jibge a dakali, matan sun kewaye su, jan ƙarfen nan na ƙarshen layi yana ƙanƙancewa. Har muka isa Guangzhou, Allah ya yafe mini, haushinsa nake ji, ba haushin kaina ba. Ina ganin taurin kai ne irin na tsofaffi.

Da muka isa gida aka taru a ƙofar Sarkin Ruwa, masunta na ƙauyuka uku, kowa ya zo ɗaukar kallinsa. Na zauna a baya ina jiran a kira sunana. Kawu ya gyara murya ya ce, “Jama'a, ban kawo ba. An saƙa, ido ya yi ƙanƙanta, na baro shi can. Laifina ne. Ni na ba da awo, idona ya gaza, ban ga abin da aka yanka ba.” Gunaguni ya tashi. Wani ya ce shekara guda ke nan za a yi da tsumman raga. Wani daga gefe ya ce, “Ai da ka bar wa Ticha ya auna, shi da yake da ido da boko.” Mutane suka ce ƙwarai kuwa. Ina zaune ina ji, bakina yana nan, harshena lafiya lau, ban ce komai ba. A shekarar an sha wuya, an yi ta ɗinkin tsohon kalli, kuma duk wanda ragarsa ta yage sunan Kawu yake ambata. Da shekara ta zagayo, ni suka kawo wa amanar, suka ce tsoho ya huta haka nan. Na karɓa.

Tun daga nan nake zuwa ƙasar nan har na zama ɗan gari. Na koma tashar sau da yawa, mai tuta yakan tambaye ni da hannu, ina mai manyan yatsu? Daga baya injina suka karɓe saƙa, na daina zuwa, ina saye a birni kamar kowa. Sarkin Ruwa ya rasu, dokarsa ta bi shi. Masu saye suka ce biyu suke so, na kawo biyu. Suka ce ɗaya da rabi, na kawo. Yau har mai kama da gidan sauro ana jefawa a ruwanmu. In na je gida na ga abin da ake bazawa a kasuwa da sunan kifi, wanda da can yara ke wasa da shi su mayar ruwa, sai raina ya ɓaci in rasa wanda zan yi wa faɗa. Ana cewa madatsun ruwa ne, ana cewa ciyawar kacalla ce ta toshe fadama, kuma duk gaskiya ne. Amma ni na san abin da na loda a kwantena da hannuna shekara da shekaru. Giwan ruwan da mutum biyu ke ɗauka a sanda, jikokina a hoto suka san shi, tashar Nguru kuwa na daɗe ban ji wanda ya ce ya kai banda can ba.

Sau ɗaya na yi yunƙurin gyarawa. Kawu ya makance gaba ɗaya, yana kwance a zaure, na dawo daga tafiya na biya gaishe shi. Na ce, “Kawu, zan tara mutane in gaya musu gaskiyar abin da ya faru a tashar nan.”

Ya ce, “Ka bari. Ni na riga na gama tafiyata a lokacin, kai kuwa farawa kake yi. Da sun san kai ne, wa za su aika? Gara su rasa ni su same ka, ai na san ka ji a jikinka, ba za ka sake ba.” Ya lalubi carbinsa, sannan ya ce, “Wanda kake kawo musu yanzu, yatsa nawa ne?”

Na ce, “Uku ne, Kawu.”

Ya ce, “Nawa ko naka?”

Na ce, “Naka.”

Ya yi murmushi ya ce to alhamdu lillahi, ashe bai yi asara ba. Ya ɗaga hannu ya yi ta sa mini albarka, ni kuma ina cewa amin, amin, alhali motata tana ƙofar gidansa da dila goma sha biyu a baya, ba ko ɗaya da yatsunsa biyu za su shiga.